Ƙwaƙwalwa Ba Ta Isa Ba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau, ofis ne kawai ya hargitse.

An kawo mana sabuwar manhajar aiki, mai tsara wasiƙa da tuna wa mutum taro, har takan ƙarasa maka jimla kafin ka gama tunani. An liƙa sharuɗɗanta a allon sanarwa: sai kwamfuta mai ƙwaƙwalwa gig takwas, da intanet ba yankewa. Tawa kuwa kin san ta, tun ina da cikin Auta nake fama da ita. Gig biyu gare ta, idan ta tashi sai ki ce injin niƙa. Injiniyanmu ya leƙa ta ya kwashe da dariya, ya ce in jira sababbi nan da wata biyu. Manaja kuma ya ce wanda bai iya manhajar ba kafin ƙarshen wata, ɗakin fayil za a tura shi. Ni da na koya wa rabin ofishin nan buga takarda!

Shi ya sa da aka fita cin abincin rana na gwada sa ta da kaina. Ta yi ta juyi, can sai ta rubuto: "Ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. A yi amfani da ta kusa?" Na ɗauka ta kwamfutar da ke teburin gefena take nufi, na danna "Eh". Yaya, nan take ta hau, ƙarar ma ta ɗauke. Yanzu kafin ’yan bana su gama wasiƙa ɗaya na gama biyar. Kaina ne dai ke ɗan sarawa.

A shafa mini kan yara.

Ƙanwarki.

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi. Wannan da biro na rubuta, ki yi haƙuri da hannun.

Kin san ni da riƙe abu, ke ce kike cewa ko bashin gaisuwa ba na yafewa. To shekaranjiya na tsaya a mararrabar layinmu na rasa ta inda gidana yake, sai mai gyaran takalmi ne ya nuna mini. Jiya na buɗe kabad ina neman kofi, na ga kayan kamar na gidan mutane.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ofis ya faru. Ina buga takardar taro, na rubuta "Ranar da", sai ta ƙarasa da kanta: ranar da Baba ya ɗauko mu a keke, ke a gaba ni a baya, takalmina ya faɗa ruwa kika ba ni naki. Ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba. Na karanta sau uku, ya yi mini daɗi kamar labarin wasu. Don Allah, da gaske an yi haka?

Na kira injiniya. Ya ce ba yadda za a yi manhajar ta hau wannan akwala. Ya duba, ya ga gig goma sha ɗaya. Muna tsaye ya koma sha biyu. Bai yi dariya ba wannan karon, kujerarsa ya ja baya.

Ina jin tsoro, Yaya.

Ƙanwarki.

*

Yaya,

Fatan kuna lafiya. Adireshinki a bayan wata ambulan na samo shi.

Sababbin kwamfutocin sun iso da wuri. Gobe da safe za a goge tsofaffin tas a kwashe su. Na roƙi manaja a bar mini tawa, ya ce doka ce, sirrin ofis ne a ciki. Ban ma san me zan roƙa ba. Idan an bar ta, ci gaba za ta yi da jan tawa ƙwaƙwalwar. Idan an goge, abin da ta ɗauka ya tafi da ita.

Yau ban yi aikin kowa ba. Kalma ɗaya nake bugawa, ta zubo sauran, ni kuma in fitar a takarda. Shafi ɗari da arba'in na samu kafin tawada ta ƙare, ga su nan a ƙunshin da na haɗo miki da wasiƙar nan. Akwai Mama a ciki, akwai ke sosai.

Jiya da yamma wata yarinya ta shigo da jakar makaranta ta rungume ni. Na tambaye ta ’yar gidan wa ce. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne, sai kuma ta daina. Labarin haihuwarta yana shafi na sittin.

Ki zo ranar Asabar, ki taho da takardun ki karanta mini. Idan na buɗe ƙofa na gaishe ki kamar baƙuwa, kada ranki ya ɓaci. Ki shigo kawai, ki fara da duba yarinyar ko ta ci abinci.

Ƙanwarki.