Rimemba

Asabar, 25 ga Safar 1374, Riruwai
Tsohon ramin kuza ya rufta da Dikko Bafillatani. Hularsa ya shiga ɗaukowa. Ni na jefa ta. Ai wasan maƙeri da Bafillatani gado ne, ba ni na fara ba.

Litinin, 27 ga Safar
Heluma, shugaban leburori, ya ba wani shebur ɗin Dikko. Shi ke nan, an wuce wurin.

Talata, 13 ga Rabi'ul Awwal
Malam Isa akawu ya tara leburori. Wai jibi za a yi rimemba. Na ce, Malam, ci ake ko sha? Ya ce, Ɗanasabe, bakinka zai ja maka. Tunawa ce da Turanci. Bature in ya ce rimemba, tsit yake yi minti biyu don sojojinsu da suka mutu a yaƙi. Na ce ba fatiha, ba sadaka? Ya ce babu. Na ce to, a yi wa Dikko rabin minti. Ya ce Bature bai san wani Dikko ba, lamba ya sani.

Alhamis, 15
An jera mu a rana, bayanmu na kallon ramin. Bature ya tuɓe hula. Da ma na shirya kukan akuya in tsit ya yi tsit. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ashe minti biyu tsawo ne da shi haka. Hular nan ta Dikko kawai nake gani tana juyi a sama.

Jumma'a, 16
Na je rugarsu wurin Inna Hauwa, uwarsa. Ɗan fari ne, kunya ta hana ta faɗin sunansa tun da ta haife shi, har yau "wancan" take cewa. Na durƙusa na ce, Inna, hular nan ni ne. Tana ta burka nono, ba ta ɗago ba. Ta ce Hamman ƙanensa ya gaya mata tun ranar. Can ta ce, maƙeri, kai da bakinka ba ya da linzami, faɗi sunansa in ji.
Na faɗa. Ta ce ƙara.
Ko yafewa ce, oho.

Asabar, 17
Na tsaya bakin ramin da hantsi, kamar minti biyu. Heluma ya yi ta ihu in koma aiki. Ƙaya nake cirewa, ba wani abu ba.