Ƙafar Baya ta Kujerar Inna

Litinin, 6 ga Oktoba

Inna ta faɗi. Ina kicin na ji ƙarar, na fito na same ta a ƙasa, kwance ta ɓarin da ya shanye, tana kallon silin. Ko kuka ba ta yi ba. Ƙafar baya ta kujerar ce ta zare daga raminta. An ɗauki hoto a asibiti, babu karaya, ƙugu ne ya kumbura. Alhamdulillahi.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta bara, wannan kujerar kaɗai take iya tashi daga kanta ba sai an ɗaga ta ba. Tsayinta daidai, hannuwanta masu faɗi, ta dafa ta yunƙura. Mun gwada mata kujeru huɗu, duk ta ƙi.

Ni na gyara ƙafar nan sati uku da suka wuce. Ba wanda ya sani.

Talata, 7 ga Oktoba

Yaya ya zo, ya tsaya a gaban kujerar yana jujjuya ƙafar a hannunsa. "Ba kin ce kin kai wa Mai Fensir ba?" Na ce na kai. Na sake cewa na kai! Bakina ya riga ni.

Lokacin da ta fara rawa, shi ya ce a kai wa tsohon kafintan ƙarshen layinmu, wanda fensir ba ya barin bayan kunnensa. Har da ƙari: "Kada ki sa mata hannu da wannan wasan yaran naki." Wasan yara. Shekara biyu ina aikin katako a ƙaramin ɗakin baya, Asabar da Lahadi, bayan na wuni kwana biyar a tsaye a kantin magani. Na yi kanta biyu, na yi akwati, na yi teburin da yake ajiye wayarsa a kai duk zuwan da zai yi. To abin ya tsaya mini a wuya. Na tsiyaya gam a ramin, na buga ƙusa ɗaya ta gefe, bayan awa biyu Inna ta fara mita, na mayar mata da abinta. Da ya tambaya na ce an kai.

Ya ce ranar Asabar zai je ya ga tsohon ido da ido.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ta ƙi sauka daga gado. Ko banɗaki sai mun ɗauke ta ni da maigidana.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sau biyu ina sake ƙirga ƙwayoyin wata mata don na manta inda na tsaya. Abokiyar aikina ta ce, "Lafiya kuwa? Ƙafarki tun safe take kaɗa kanta." Na zana ramin kujerar a bayan takarda, na yage, na sake zanawa.

Mai gashin ƙashi ta zo da yamma. Inna ta juya fuska bango. A bakin ƙofa matar ta rage murya ta ce in aka ƙara sati biyu a kwance, ƙarfin da aka tara wata tara zai zube, kuma a shekarunta ba lallai ya dawo ba. Tsoro ne, in ji ta, ba ƙugun ba.

Jibi Asabar.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na ɗauki ƙafar a leda na je shagon Mai Fensir kafin in wuce aiki. Ban taɓa shiga ba, sai dai gaisuwa daga titi. Ya karɓa, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya kankari bakin da farcensa. Wani abu kamar ɓawo ya faɗo.

"Kin ga wannan? Tsohon gam ne. Aka zuba sabo a kansa. Gam katako yake nema, 'yata, in bai same shi ba riƙon ƙarya yake yi." Sai ya nuna tsagewar da ta bi ƙusar. "Wane ne wannan mai guduma?"

Na ce ni ce, Baba. Tun da na fara sai na ƙarasa, har da sunansa da na ara, har da zuwan Yaya gobe.

Ya cire fensir ɗin, ya dube shi, ya mayar. Na fi son ya zage ni.

"Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa buga ƙusa a gaɓar kujera ba. In yayanki ya zo, abin da na sani zan faɗa masa. Gara ki riga ni."

Na roƙe shi ya gyara. Ya ce a'a. Wai hannun da ya ɓata ya fi sanin inda ya bi. Amma ya zaunar da ni kan benci ya yi mini bayani: ba ƙafa ɗaya ba, duk gaɓoɓin za a kwance, don in ɗaya ta yi rawa ta riga ta gajiyar da sauran. A sa wa kowane katako lamba. Ruwan ɗumi da ruwan khal su jiƙa tsohon gam. A kankare har sai an ga farin katako. Ya ara mini gudumar roba da wata doguwar igiya.

Na makara a wurin aiki. Ban damu ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na tare Yaya a ƙofar gida kafin ya kashe mota. Na faɗa masa ta taga, a tsaye, kamar mai talla. Bai yi ihu ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "Uwarmu ce fa." Ya sake cewa, "Da yanzu na je na ci mutuncin dattijo." Ya shiga ya gaida Inna, ya fito, ya wuce ni.

Na shiga ɗakin baya na kwance kujerar. Katako goma sha ɗaya. Na rubuta lambobi a jikin ƙananan takardu na manna. Na bugi babban yatsana. Gara da gudumar roba ce.

Ganinta a warwatse a ƙasa ya tayar mini da hankali. In na kasa mayar da ita fa?

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kankara, kankara, kankara. Wuƙa, sanfefa, tsohon buroshin haƙori. Ɗakin duk tsamin khal. Rami na shida na fara sauri, na ci katakon da yawa, yanzu sandar tana shiga tana fita kamar cokali a kofi. Na zauna a ƙasa. Ni dai kullum haka.

Da la'asar na kai wa Inna ruwa, na zauna bakin gadon, na faɗa mata. Maganarta yanzu a hankali take fitowa, kalma, hutu, kalma.

"Na... sani."

Na ce yaya aka yi?

"Wari... hannunki... ranar." Ta nuna hancinta da hannun mai lafiya. Ashe tun ranar ta ji warin gam a jikina, ta yi shiru, ta zauna a kai. Sai ta ƙara da cewa, "Gaggawa. Ubanki... sak."

Na yi dariya, daga nan kuma abin ya juye. Ta bar ni na gama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in gyara mata matashi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mai Fensir ya ce ramin da ya yi faɗi ba mutuwa ba ce. Ya fere mini wani siririn katako kamar takarda, in naɗe bakin sandar da shi da gam, ya kwana, gobe in goge har ya shiga da ɗan ƙarfi. Ƙafar da ta tsage kuma in buɗe tsagar, in tura gam da zare, in ɗaure.

Ya kwana. Komai nasa sai ya kwana.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na ɗauki hutun rabin rana. Na haɗa ta ba gam sau biyu, komai ya zauna. Na shafa gam, na fara haɗawa, sai na ga sandar lamba bakwai na sa ta a kife. Gam kuwa ba ya jira. Na buge ta na fitar, ɗaya gefen ya buɗe, na kama shi, wancan ya zame. Hannu biyu ba su isa ba.

A daidai nan Yaya ya leƙo. Keken guragu ya kawo, sabo fil, yana falo. Ya buɗe baki zai yi magana na ce, "Yaya, riƙe nan! Nan, ba can ba! Danna!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Ya riƙe. Da farar rigarsa ta ofis. Na zagaya igiyar sau biyu, na sa sanda na murɗa har gam ya fito ta kowace gaɓa kamar hawaye. Muka ɗora ta kan tebur, ƙafa huɗu duk sun taɓa.

Ya dubi rigarsa. "Wannan yana fita?" Na ce in an yi sauri. Ya tsaya a famfo yana dirzawa, bai dube ni ba ya ce, "Keken na nan, ko da."

Na ce na ji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwalbar ta ce kwana ɗaya. Mai Fensir ya ce, "Ke kam kwana uku." Kafin in fita aiki na shiga ɗakin sau huɗu. Na taɓa igiyar. Na danna gam ɗin da farce. Na kama kaina ina shirin girgiza ta kaɗan, kaɗan kawai.

Na kulle ƙofar na kai wa Inna mabuɗin. Ta tura shi ƙarƙashin matashi ta kwanta a kai, har da lumshe ido.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na nemi mabuɗin. Ta ce, "A'a." Wannan kalmar ba ta sarƙe mata ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mun kwance igiya. Yaya ya zauna da duk nauyinsa, ya jingina, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya ɗaga ƙafafu. Ko ƙis. Maigidan ma ya gwada. Muka kai ta gaban gadon Inna kamar masu kai kyauta.

Ta dube ta, ta dube ni, ta juya bango.

Yaya ya kalli keken. Na fita tsakar gida na share inda na riga na share.

Litinin, 20 ga Oktoba

Har yanzu. Na bar kujerar kusa da gadon, nakan zauna a kai in ba ta abinci. Ban ce mata komai ba. Bakina yana ƙaiƙayi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ta zauna.

Ba ni na ce ba. Mai gashin ƙashi tana murza mata ƙafa, sai ta nuna kujerar da haɓa. Taku uku ne tsakani, amma ruwan da na ɗora a wuta ya tafasa har ya kusa ƙonewa kafin ta kai. Ta dafa hannun kujerar, ta girgiza shi da kanta, ta saurara, sannan ta sauka a hankali. Ina tsaye jikin ƙofa. Ba ta tashi ita kaɗai ba tukuna, sai da aka tallafe ta. Matar ta ce zai zo. Keken yana falo, an fara ɗora masa wanki.

Yaya ya kira, na faɗa masa. Ya ce, "To." Can kuma ya ce ƙofar kabad ɗin matarsa ta saki, in na samu lokaci.

Da na shiga mayar da igiyar a leda, na lura teburin falo, wanda na yi da hannuna, yana ɗan rawa ta ƙafa ɗaya. Kwalbar gam tana nan kusa. Na ɗauka, har na buɗe murfin. Na rufe.

Ranar Asabar zan kai wa Mai Fensir ya duba tukuna. Ba wai ban san abin yi ba. Gudumarsa ce dai zan mayar masa.