Jiniyar Sha Biyu

Da sunan Allah. Ni Ladidi, matar marigayi Inuwa, malamar firamare a Sharaɗa, na rubuta wannan da hannuna a daminar 1986. Hankalina ƙalau yake, abin da ya ba likita mamaki da ya ji yawan yaran ajina.

'Ya'yana, Zaituna, Uwani, Ɗan'auta, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gidanmu na unguwar Na'ibawa da abin da ke ciki, a raba yadda shari'a ta ce. Takardar digirina da ke bango, kowa ke so ya ɗauka. Gilashin yana da kyau.

Na biyu. Ba mai bina kuɗi. Darasi ake bina. Da na gama jami'a a Zariya aka turo ni nan, wai na ɗan lokaci, saboda kusa da aikin babanku a majemar Challawa. Lokacin bai ƙare ba. Tun da aka buɗe karatu kyauta aji ya cika har taga, ba na jin muryata. Sha biyu na yi, jiniyar masana'anta za ta yi kuka, leburori su fito cin abinci, 'yan matan ajina su miƙe su tafi ɗaukar tallan iyayensu. Ba mai neman izini. Mazan su bi su. Na gwada bulala, na gwada lallashi, na kulle ƙofa suka bi ta taga. Daga baya na koyi yin shiru a tsakiyar magana. Duk darasin da ya faɗo bayan sha biyu, bango na koya wa. Na nemi canji, aka ce babu mai maye gurbina. Na nemi ajiye aikin, na dube ku, na koma.

Na uku. Uwani, ki daina gaba da Asabe mai abinci. Na san ta ɓata miki rai ranar da ta shigo ajina ta janye 'yarta, ta ce, "Malama, ke ƙarshen wata ke ciyar da ke, ni jiniya." Ba ƙarya ta yi ba. Tuwon da nake ci tun da na kwanta ita ke aikowa, kuma ɗalibata ce ke kawowa, a lokacin darasi. Ki je ki gaishe ta.

Na huɗu, kuma dominsa na ɗauki biro. Zaituna, an turo ki makarantar nan ki maye gurbina, kina murna. A ƙarshe sun sami mai maye gurbin, a cikin ɗakina. Ba zan hana ki ba. Amma kafin ki amsa, ki je ranar Litinin ki tsaya a bayan ajina har jiniya ta yi. Ki dubi kujerun. Idan kin ga za ki iya kallonsu har gashinki ya yi fari, bismilla. Idan ba haka ba, na ba ki keken ɗinkina tun ina raye, 'yan'uwanki shaida. Ni ban sami ƙofa ba, shi ya sa na bar miki ɗaya.

Ɗan'auta, ka riƙe yayyenka, ku riƙa haɗuwa kuna cin abinci a kwano ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu sauraronku har ku kai aya.

Idan ana shirin yi mini salla jiniya ta yi, sahu ya ragu, kada ku ji haushin kowa. Na saba.