Launin Atamfar Mahaifiyarki

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɓerayenku na ɗakin bincike. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke min gardama. Gwaggonki ta warke har ta koma faɗa, matar yayanki kuma ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji huɗu na tsaya, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi.

Uwata, na ga bidiyon. Yayanki ne ya kawo min shi shago yana murna, wai ga ki a gaban manyan masana kina bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu. Na ajiye almakashi, na ƙwala wa maƙwabcina mai gyaran takalmi kira ya zo ya ga 'yar tela. Turancin ya fi ƙarfina, amma can sai na ji muryata, ina ba da labarin ranar da na fara ganin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya. A na farko atamfar da ta kawo ɗinki koriya ce, a na biyu shuɗiya. A wani ana ruwa, a wani rana ta take. Da na ce ita ta fara yi min murmushi, sai zauren taron ya fashe da dariya. Mai takalmi ma ya dara, da ya dubi fuskata sai ya tuna yana da aiki.

Shekara huɗu, duk zuwanki hutu sai ki ɗora waya a kan keken ɗinki ki ce in sake ba ki labarin Mama. Ni ko tsohon banza in gyara zama, in ƙara gishiri, a zatona kewarta ce ke damunki kamar yadda take damuna. Ashe awo ake yi min. Na shekara arba'in ina auna mutane, ban taɓa ɗora wa wani tef bai sani ba. Da kin tambaye ni, wallahi da na yarda, har sabuwar riga zan ɗinka saboda muryata za ta shiga taro. Kin san ni, nakan yi wa kaina dariya kafin wani ya riga ni. Amma a duk labaraina wannan kaɗai ne ba na wasa ba, kuma kin sani. Da ma an ce da ɗan gari akan ci gari.

Yayanki ya yi ta ba ni baki. Ya ce ba maƙaryaci kika kira ni ba, wai abin da kuka gani a ɓeraye ne kika nuna a mutum: duk lokacin da aka tuno abu, ƙwaƙwalwa kan farke shi ta sake ɗinkewa. To, wannan ban buƙaci digiri ba na gane shi. Rigar da ake ta farkewa ana mayarwa, wata rana mai ita ma ba zai shaida ta ba. Shekara tara ke nan, kullum na buɗe shago sai na tuno fuskar matar nan. Ashe ɓata ta nake yi? Mako uku yanzu, da ta faɗo min a rai sai in taka keke da ƙarfi. Jiya 'yar yayanki ta ce in ba ta labarin kakarta, na ce mata na manta. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba sai jiya.

Ba haƙuri nake nema ki ba ni ba tukuna, fushin bai gama dahuwa ba. Amsa nake so, da Hausa, ba irin ta zaure ba: in na daina tunawa, abin da ya rage min nata zai tsaya yadda yake?

Ki gaida maigidanki da Hajiyarsa, da 'yan biyunki. Gwaggo da yayanki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, wannan kam ban janye ba.

Ni ne mahaifinki,
Baba Tela