Yatsuna Biyu Suna Kan Dutsenku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ke zaɓar garin da zai karɓi wasannin ƙanƙara na duniya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, ni Bakatsine ne mazaunin Alƙahira. Karatu ya kawo ni, rubutu ya riƙe ni: ina zanen sunaye a bangon littattafai a wani shago a unguwar Darrasa. A gidan shayin maƙwabtanmu na fara ganin wasanninku a talabijin. Wata mata ce ke sulɓi a kan ƙanƙara, takalminta na barin zane a baya, ni kuwa na saki baki ina bin zanen kamar mai karatu. Wallahi na daɗe ina mafarkin farin wurin nan. Shi ya sa da wani dillali ya zo ɗibar leburorin gini zuwa garin da kuka zaɓa, ban tsaya shawara ba. Na sayi rigar sanyi guda a kasuwar Ataba, wai ni na shirya.

Ga kukana.

Na farko, kun sa wa garin ranar da ba ta ɗaguwa, ɗan kwangila kuma ya sauke nauyinta a kanmu. A tsakiyar sanyi muka kafa ƙarafan wurin zaman 'yan kallo a gefen dutse, ba ɗakin ɗumi, ba ruwan zafi.

Na biyu, ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na karanta babin taimama, na san an yi rangwame ga mai tsoron cutuwa. Amma kunya ta hana ni: ruwa a sama, ruwa a ƙasa, in ce zan yi taimama? Sai in narka ƙanƙara a tafin hannu in yi alwala, in mayar da safar hannu a jiƙe, in koma kan ƙarfe. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa sanyi na kashe yatsa ba tare da zafi ba. Da likita ya gani, manuniya da ta tsakiya na hannun dama sun riga sun yi baƙi. Ya yanke su. Abin da na samu wurin dillali shi ne ma'alish, wato a yi haƙuri.

Na uku, bayan na dawo Alƙahira na kalli bikin buɗewa a talabijin daga unguwarmu, Ard al-Liwa. Ya yi kyau, ba ƙarya, har na yi hawaye. Na gane jerin kujerun da na ɗaure, wani tsoho na zaune yana tafi. An gode wa kowa, ban ji an ambaci lebura ba.

Roƙona, kada ku ƙara ba wani gari wasannin sai ya nuna muku ɗakin ɗumin ma'aikata, da ruwan zafi, da wanda zai yi musu bayanin sanyi da harshensu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da gaɓɓanka cikakku.

A yi haƙuri da munin rubutun. Wata takwas ke nan ina koya wa hannun hagu.

Wassalam.

Habibu mai rubutu,
Ard al-Liwa.