Kafin Ka Tsaya Gaban Baba Gado

Zuwa ga ƙanena Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Najiba da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Yamai. Mu nan Sabon Gida lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har sai an hana ta zuwa rijiya. An gama roron wake, ya yi kyau bana, kuma maganarsa ce ta hana ni sukuni.

Na ga tsarin formasiyon, wato horon da furojenku na taimakon manoma ya turo ka ka yi mana nan da kwana goma, kan ajiye wake a buhu mai leda biyu. Sau uku na karanta, kowane karo sai na tashi na zaga tsakar gida. Wai da kurakuran ajiyar gargajiya za ka fara, kana nuna mutum da yatsa ya ba da amsa. Ka manta Baba Gado, yayan mahaifinmu, yana cikin jerin waɗanda za su zo? Shekara arba'in yana zuba wakensa a tulu da toka. Kuma Hamza, mijin 'yarsa, yana ciki. Ka gyara wa Baba Gado magana gaban surukinsa, zai ce bari ya yi alwala, ba za ka sake ganinsa ba, rabin mutanen kuma su bi shi. Sai ƙwari su sake cinye mana wake kamar bara.

Ni na taɓa yin wannan wautar, shi ya sa nake tsoro. Lokacin da nake koyar da yaƙi da jahilci a Tabotaki, na kira wata tsohuwa gaban allo, na goge abin da ta rubuta, matar ɗanta tana kallo. Washegari mata talatin suka koma goma sha ɗaya. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Don Allah ka bar ordinatar ɗin nan, kwamfutarka, a jaka, ka zauna kan tabarma yadda suka zauna. Kada ka raba kaye da bik, wato littafi da biro, rabinsu ba su rubutu, riƙewa kawai za su yi suna jin nauyi. Ka miƙa musu buhun, kowa ya matse iska ya ɗaure da hannunsa. In za ka kasa mutanen rukuni-rukuni, surukai kada su haɗu wuri ɗaya. Kuma ka fara da tambaya, babba ba ya zuwa hannu wofi. A cika tulu ɗaya yadda suka saba, a cika buhu ɗaya, a buɗe su da bazara kowa ya gani.

Jiya na je wurin Baba Gado. Ya ce ba zai zauna gaban yaron da shi ya yi wa huɗuba ba. Sai na ce ai ba koyarwa za ka zo yi ba, roƙo kake ya nuna maka yadda yake aikin tokar. Sai ya sa a tankaɗe masa toka a ajiye.

Inna tana gaishe ka, da Fatima da Ɗantala. Ka gaida Najiba, ka shafa mini kan Mahfuzu. Ƙarya na yi wa dattijon nan saboda kai, Mu'awiya. Kwana goma gare ka ka mai da ita gaskiya.

Yayarka,
Zinariya