Tagar da Ta Haɗiye Mana A'isha Ɗaya

Zuwa ga mai girma shugaban kamfanin da ya rubuta manhajar fitar da sakamakon ɗalibai ta makarantunmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ni daraktan wata lakwal ne, wato makarantar firamare, a karkarar Tchaké, cikin Mayahi. Ina son manhajarku, ta raba mu da kwana kan lissafin maki. Amma yau ƙorafi na kawo, kuma ba zan ɓoye ba, akwai kishi a cikinsa.

Na farko. A ajinmu na ƙarshe akwai 'yan mata biyu, kowace A'isha Isuhu a takardar haihuwa. A garin nan ba mai kiransu haka. Ɗaya Indo ce. Ɗayar sunan kakarta ta ci, kuma ubanta ba zai ambaci sunan mahaifiyarsa ba, shi ya sa ake ce mata Uwani. Duk sanda muka zo buga sakamako, sai wata ƙaramar taga ta buɗe a fuskar kwamfuta da Faransanci, ta ce an maimaita suna. Maɓalli biyu ne kawai: a haɗe su, ko a share ɗaya. Babu inda mutum zai ce mutane biyu ne. Ba ta rufuwa sai an zaɓa. Aka haɗe, takarda ɗaya ta fito da makin Indo, Uwani ta ɓace. Na gwada ƙara harafi a sunanta, sai ya saɓa wa takardar haihuwa.

Na biyu, nan ne abin ya ci mini rai. Abokina Mushe Habu (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), wanda muka yi karatun malanta tare, yana riƙe da wata lakwal kusa da Korgom. Na hau moto, wato babur, na je ya duba mini, sai na tarar da tagarsa ba irin tawa ba ce. Tasa tana magana da Hausa. Tana da gurbin laƙabi, da na unguwa, da maɓalli na uku mai cewa yara daban ne. Har wurin rubuta wa yaro kalmar ƙarfafa gwiwa aka buɗa masa a ƙasan takarda. Ya yi ta latsawa yana murmushi, ni kuma ina shan shayinsa ba na jin zaƙinsa. Ashe ma'aikacinku yana zaune a Tasawa, hanyar Korgom ta fi masa sauƙi, ya zauna ya gyara masa yadda yake so. Ban ce a karɓe wa Habu ba, yaransa sun cancanta. Amma manhaja ɗaya aka ba mu. Rairayin hanyarmu ne laifinmu?

Na uku. Uwani ce ta fi kowa lissafi a ajin, ita ke koya wa na baya da ita a gindin itacen bedi. Sai da wannan takarda za a cika mata takardun neman gurbi a kwaleji. Ubanta ya zo ya tsaya a ƙofar ofis cikin ladabi, ya ga Indo da takarda, 'yarsa hannu wofi. Na yi masa bayani, ya gyaɗa kai, amma na ga bai yarda ba. A ganinsa faɗuwa ta yi nake rufa mata asiri. Ya ce in an gama girbi babu takarda, za ta koma wurin gwaggonta ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, a ba mu tagar da aka ba Korgom, mu da duk makarantun Mayahi. In zuwa ne wahala, a buɗe wa daraktoci wurin gyaran, a koya mana, za mu iya. Kafin nan, a ware mini makin Uwani a maido da sunanta. Gero ya riga ya fara nuna.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a aikinka, ya raya maka naka 'ya'yan har su ga sunansu a kan takardarsu.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Mushe Laminu, Tchaké.